Sandar Baffa a Cikin Hoto

Tun da yara suka watse, Lahadi ba ta da hayaniya a gidanmu. Ni ne da uwargida, sai rediyo. A Ƙauran Namoda aka haife ni, a gidajen ma'aikatan reluwe, inda babana ya yi ƙira da gyaran ƙarafan jirgi har ƙarfinsa ya ƙare. Mu Kirista ne, amma in ka cire wannan babu abin da ya raba ni da kowane ɗan Ƙaura, har da saurin fushi, wanda nawa ya ɗan fi na mutane. Na koyar a firamare a Sakajiki, na koyar a Zurmi, na dawo gida na yi ritaya. Daga nan Lahadi ta zama abu uku a wurina: coci da safe, barci bayan abincin rana, da yamma kuma in taka zuwa bayan gari in ɗauki hoton faɗuwar rana da wayar da 'yata ta aiko mini.

A ƙarshen wannan tafiya tawa akwai rugar wani dattijo da duk gari ke kira Baffa. Shi ne Bafulatani na ƙarshe da ya rage a gefen garinmu ta yamma. Sauran duk sun tashi tun da 'yan bindiga suka cika daji, wasu sun yi Nijar, wasu sun yi kudu, wasu ba a faɗar inda suka yi. Baffa ya ƙi tashi. Ya ce nan aka binne uwarsa, nan shanunsa suka san ruwa. Mutanen daji sun taɓa kore masa rabin garke don ya ƙi ba su 'ya'yansa, mutanen gari kuma suna kallonsa da wutsiyar ido don yarensu ɗaya da mutanen daji. Abin da ya riƙe shi a wurin abu ɗaya ne tak: ba wanda ya taɓa samun abin faɗa a kansa. Ranar da aka samu, shi ma ya sani, zamansa ya ƙare.

Lahadin da nake magana, an yi ruwa da asuba, irin ruwan ƙarshen damina da ke wanke sama fes. Ina ɗaura agogo ina leƙen taga, uwargida ta ce, "To, sarkin rana, yau kam ka samu. Bari dai a fara zuwa wurin Mai ranar."

Cocinmu ba babba ba ne, amma da can sai an ƙara benci a waje. Ma'aikatan asibiti da malaman makaranta daga Shinkafi da Zurmi sukan shigo mota su zo sujada tare da mu in ana wani taro, a ci shinkafa, a yi ta surutu har la'asar. Yanzu wa zai hau wannan hanya don waƙa? Benci uku na baya ƙura ce ke zama a kansu. A bakin ƙofa samari biyu suna lalube aljihun mutane, har ni da na koya musu baƙi da wasali, in ɗaga hannu su shafa ni, su ce, "Yi haƙuri, Malam." Ni kuwa ba na haƙurin, sai na yi tsaki kafin in wuce.

Matan zumuntar coci suka buga tulu da kacau-kacau, muryar uwargida tana sama da ta kowa kamar kullum. Fasto ya yi wa'azi gajere, don yanzu ba a son taro ya daɗe. Da aka zo addu'a ya fara jero mutanen da ke hannun 'yan daji, namu da na maƙwabta Musulmi, ɗaya bayan ɗaya, muna cewa amin. Wata mata a gabana ta kifa kai a benci tun daga sunan mijinta, ba ta ɗago ba har aka tashi. Na so in ce mata wani abu a waje. Na tsaya kusa da ita, na gyara murya, sai na ji duk abin da zan faɗa an riga an faɗa mata har ya tsufa. Na ce, "Sannu," ta ce, "Yauwa, Malam," muka rabu.

Bayan la'asar na sa takalmin tafiya. Uwargida tana tsince wake a faranti, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Rana ɗaya ce dai Ubangiji ya yi, jiya ita ce, yau ita ce. Ka cika waya da ita. Me kake nema ne wai?"

"Ke ba ki san kan hoto ba."

"Na san kan gari. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ka dawo da haske."

Gaskiyarta, ni ma ban san me nake nema ba. Abin da na sani, a duk mako wannan ne kaɗai lokacin da nake kallon abu ba tare da na ji tsoro ko haushi ba. Ba gwani ba ne ni. Rabin hotunana yatsana ne a gefe, wasu kuma a karkace suke sai ka ce duniya za ta zube. Nakan tura wa yara, su turo mini alamar hannu mai tafi, na san don kunya ce.

Lahadi tamu ce kawai, gari kam yana harkarsa. Na bi ta gefen tasha, 'yan kamasho suna kiran Shinkafi, suna kiran Zurmi da Gurbin Ɓore, motocin rabi a cike, direbobi sun jingina suna jiran a taru a tafi a jere, don ba mai son ya zama shi kaɗai a hanya. Mai tsire yana hura wuta. Wani tsohon ɗalibina mai sayar da buhunan gero ya taso ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya tashi kar ya ɓata wando. Na tsallake layin dogo da ciyawa ta cinye, na bi ta tsakanin gidajen ƙarshe, har shingen 'yan banga.

Shingen ba wani abu ba ne, gungumen itace ne da ganga biyu da benci a ƙarƙashin dalbejiya. Shugabansu mutum ne da kowa ke kira Direba, don ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Ƙaura da Shinkafi, har ranar da aka tare hanya aka ƙone motar, aka kashe ƙanensa da ke masa yaron mota a gabansa. Tun daga nan bai sake riƙe sitiyari ba. Mutum ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya, idanunsa kullum ja saboda rashin barci.

"Malam, an tahi ɗaukar rana?"

"In ta tsaya."

"A gai da Baffa. A dawo kahin kiran salla, don Allah."

Dawa ta yi tsawo har ta rufe mutum, gero kuwa an fara yanka, an jera dammuna a gonakin da ke kusa. Gonakin nesa ba wanda ya shuka su bana. Ƙasa tana ƙamshin ruwan asuba, kwaɗi sun fara kuka a fadama. Ina tafe ina sauraron takuna, ina jin wani sauƙi yana shiga ƙirjina. Na tsaya na ɗauki wata kuka, na ɗauki kududdufi da sama a cikinsa, duk ba su yi kyau ba.

Tun daga nesa Baffa ya hango ni. "A'a! Ga bawana ɗan maƙeri! Ka zo da lauje ko hannu biyu ka zo?"

"Na zo karɓar haraji. Ina nonona?"

Tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma Baffa bai taɓa yafe mini ko rana ɗaya ba tun da ya ji sana'ar babana. Ya girme ni nesa, siriri, dogo, gemunsa fari tas. Matarsa, da muke kira Inna, ta kawo mini kindirmo a 'yar ƙwarya, na sha a tsaye. Muka taɓa hira kan ruwan bana, kan wata saniya da ta ƙi shayar da ɗanta. Na tambaye shi ko lafiya suke kwana. Ya ce, "Lahiya lau, Malam. Ido guda na barci, guda na gadi. Mun saba."

Rana ta fara sauka, ya ce bari ya tare shanu kar su faɗa dawar mutane. Ya hau wani ɗan tudu da ke yamma da ruga. Ni kuma na koma baya ina neman inda zan tsaya.

Ban taɓa ganin sama irin ta ranar nan ba. Gajimaren da suka rage daga ruwan safe sun kama wuta daga ƙasa, ja da ruwan goro, can sama kuma wani kore-kore da ban san sunansa ba. Shanun suka jeru a kan tudun, ƙahoninsu sun fito ɗaya-ɗaya. Baffa ya tsaya a tsakiyarsu, ya saɓa sandarsa a kafaɗa ɗaya, kanta yana kallon sama, ɗan rediyonsa mai rigar fata yana rataye a jikin sandar daidai ƙirjinsa. Na ɗaga waya, yatsana bai shiga ba, na danna.

Duk wanda ya san hoto ya san in ka fuskanci rana, abin da ke gabanta baƙi yake fitowa. Ni ban damu ba, hasali ma abin da ya burge ni ke nan. Babu fuska, babu gemu, babu launin riga. Mutum ne kawai baƙi wuluk a tsaye da shanu, wuta a bayansu. Na ce a raina, yau kam yara za su yi tafin gaskiya.

"Rana kaka ɗauka ko ni?" Baffa ya ɗaga murya daga tudu.

"Wa zai ɓata waya da kai? Matsa ka ba rana wuri!"

Ya yi dariya. Na tsaya har jan ya koma toka, sannan na tuna da maganar Direba, na yi sallama na kama hanya da sauri. Ina cikin dawa na ji an fara kiran magariba.

Da na iso shinge Direba ba ya nan, ya shiga sahu a ɗan masallacin da ke gefe. Mutum uku ne a benci, ɗaya ban san shi ba, wani ƙaƙƙarfa mai rigar layu, an ce daga ƙauyukan Zurmi ya gudo bayan an tashi garinsu. Shi ya miƙe ya tare ni.

"Baba, kawo waya."

"Wayar wa?"

"Taka. Dut wanda ya hito daji da waya sai an duba. Doka ce."

Sauran biyun suka ce, "Malam ne, ƙyale shi," amma da sanyin murya. Dokar kam akwai ta, don ana cewa masu kai wa 'yan daji rahoto da waya suke aiki, su ɗauki gida, su ɗauki hanya, su tura. Ni dai ba a taɓa tambayata ba. Raina ya ɓaci, na ce yaro, ina koyar da uban wani a aji kafin a haife ka. Duk da haka na buɗe na miƙa masa, har da ɗan alfahari, na ce ya duba ya ga aikin manya.

Ya shafa, ya ga kuka, ya ga kududdufi. Sai yatsansa ya tsaya. Ya kawo wayar kusa da ido, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Wane ne wanga da bindiga?"

Dariya na fara yi, wallahi. Na ce wace bindiga? Ya juyo mini da fuskar wayar. Na duba, sai dariyar ta tsaya. Sandar da ke kallon sama ta zama baki. Rediyon da ke rataye ya zama gidan harsashi. Na ga abin da idona, na san sanda ce, na sha nono a gidan mai ita, amma da ya nuna mini sai na kasa daina ganin abin da yake gani.

Mutane suna fitowa daga masallaci, suka fara taruwa. Wayata ta bar hannunsa ta shiga wani hannun, ta shiga wani. Ina jin ana cewa, "Innalillahi, nan kusa?" Wani ya ce, "Ga shanun sata nan ma." Wani ya tambaye ni nawa ne su, sun yi mini magana? Ina cewa sanda ce, sanda ce, ba mai ji. Sai zuciya ta ɗebe ni, na daka tsawa irin wadda nake yi wa aji in ya rikice.

"Kai, ku saurara! Baffa ne! Baffa na bayan fadama! Wa bai san Baffa ba a garin nan? Wa bai sha nonon gidansa ba?"

Kowa ya juyo ya dube ni. Na ɗauka na gama magana, na ɗauka sunan mutumin da kowa ya sani zai kashe wutar. A wurinmu haka ake yi tun da can, in an zargi baƙo sai wani ya ce ai wane ne, ɗan gidan wane, magana ta mutu. Ban lura ba cewa kafin in buɗe baki, mutumin cikin hoton ba shi da fuska, ba shi da suna, ba wanda zai iya cewa ga shi. Ni na ba shi.

Mai rigar layu ya ce a hankali, "Ashe Baffa na da bindiga."

"Sanda ce, don Allah! Rediyo ne!"

"Ruwa ba ya tsami banza, Baba. Mi ya sa kowa ya tashi shi bai tashi ba? Mi ya sa ba a taɓa shi?"

"An taɓa shi! Rabin shanunsa aka kore!"

"Haka yac ce."

Direba ya ratso mutane ya karɓi wayar. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Sanda ta. Na san tsayuwar Baffa, haka yaka saɓa ta." Na ji kamar in rungume shi. Ya ce kowa ya watse, ya miƙo mini wayata. Na ce to bari in goge a gaban kowa, a huta. Ya girgiza kai, ya nuna mini da haɓa. A bayan ganga wani yana duba tasa wayar. Tun wayata tana yawo a hannaye ya ɗauki hoton fuskarta, kuma ya riga ya tura.

Na yi kansa, aka riƙe ni. Na zage shi, na zagi wanda ya saya masa waya, abin da bai dace da mai furfura da ya fito coci da safe ba. Shi ko a jikinsa, cewa yake ai don mutane su yi hattara ne. Kuma na san har ransa haka yake nufi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, kuma a wurin nan babu wanda bai da sara a jikinsa.

Na ce wa Direba a buɗe mini in koma, in ɗauko Baffa da sandar da rediyon, a gani da ido. Ya ce bayan magariba ko shi ba ya wuce gungumen nan, kuma in na taho da Bafulatani cikin duhu a wannan yanayi, ba ya da tabbacin abin da zai faru kafin mu iso haske. Na kira lambar Baffa, a kashe. Ƙaramar wayarsa tana kwana a shagon caji a cikin gari, sai Inna ta kawo nono da safe take karɓa.

Direba ya raka ni 'yan taku. Ya ce, "Malam, yarana zan riƙe su, ba wanda za ya taka rugar nan yau. Amma ba ni iya riƙe gari."

A gida uwargida ta dubi fuskata. Ta ajiye tuwo, na kasa ci, na faɗa mata. Na jira ta ce ai na gaya maka, da ta faɗa ma da na samu wanda zan yi wa faɗa. Ba ta faɗa ba. Ta zauna kusa da ni ta ce mu yi addu'a, ta yi, ni bakina kawai ke motsi. Kafin mu tashi daga wurin, hoton ya dawo mini ta zauren WhatsApp na tsofaffin malamai, ya yi dishi-dishi saboda an ɗauke shi daga wata waya, wanda ya sa ya ƙara zama bindiga. A ƙarƙashinsa an rubuta sunan Baffa da inda rugarsa take. Na rubuta cewa ni na ɗauka, sanda ce, na rantse. Mutum ɗaya ya ce Allah ya kyauta. Wani ya ce Malam, kai mutumin kirki ne, ba ka san su ba.

Gari na wayewa ina shinge. Direba ya ɗaga mini gungumen da kansa. Ya ce, "Ka ce mishi ni na ce ya yi haƙuri." Bai ce in ce masa ya zauna ba, kuma na lura da hakan.

Raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Tun kafin in fita daga dawa na ji ƙarar ƙwarya da kukan maruƙa. An riga an kwance bukka biyu. Inna tana ɗaure ƙore a cikin raga, surukarta tana naɗe tabarmi, 'ya'yansa maza suna ɗora kaya a kan jakuna da wani bijimi. Wani mai babur da ke sayen nono a wurinsu ya zo tun da jijjifi ya gaya musu. Inna ta gan ni ta kau da kai, ba da fushi ba, irin kau da kan da ake yi wa mai makoki.

Baffa yana zaune a kan turmi da aka kifa. Na durƙusa a gabansa, ni da ban iya durƙusa wa kowa ba. Na fara magana, ta fito a hargitse, ina ba da haƙuri ina zagin mutanen gari ina zagin kaina. Ya ɗaga hannu.

"Malam, nuna min abin."

Na buɗe na ba shi. Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya nesanta ta da ido irin na tsofaffi. Ya daɗe. Ya kira babban ɗansa da Fillanci, shi ma ya leƙa, ya koma bakin aikinsa.

"Wallahi ka iya," in ji Baffa. "Ji shanun nan yadda sunka hito. Ga saniyata Bale nan, ga uwar tata." Ya sa farce a kan baƙin mutumin da ke tsakiya. "Amma wanga, ni ma in na gamu da shi ga hanya, gudu zan yi."

Na ce kar ya tashi. Na ce mu tafi yanzu wurin hakimi da sandar da rediyon. Zan kira fasto, zan kira limamin unguwarmu, zan dafa Littafi Mai Tsarki a tsakiyar kasuwa in rantse. Zan tsaya a tudun nan da rana tsaka in sake ɗaukarsa, fuska da gemu da komai, in tura wa duniya. Direba ma ya shaida sanda ce. Ina magana ina jin muryata tana hawa, kamar in na ƙara ƙarfi abin zai yiwu.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Yau za su yarda, Malam. Don kai, don Direba. Gobe ma za su yarda. To ran da anka shigo gari anka ɗauki wani fa? Ran nan ba mai tuna rantsuwarka. Hoton za su tuna. Kuma ina da jikoki ga wurin ga."

Na koyar da yara shekara da shekaru cewa kowace tambaya tana da amsa in an zauna an yi tunani, ga ni a durƙushe a kan kashin shanu babu ko ɗaya.

Na ce, "To daji fa? Su wa za ka tarar can?"

"Gaba kura, baya siyaki. Aƙalla kura ba ta taɓa cin tuwo da ni ba, in ta cije ni ba ya yi min zahi kamar na gida."

Ya miƙe, ya karkaɗe riga. Ya je wajen wani ɗan tsibin ƙasa da aka kewaye da ƙaya a gindin aduwa, kabarin uwarsa, ya tsaya ya ɗaga hannu. Na juya baya don kar in kalle shi. Da ya dawo an gama ɗaure kaya, shanu sun fara miƙa wuya gaba. Sandar tana hannunsa, amma bai saɓa ta a kafaɗa ba, jan ta yake a ƙasa. Rediyon kuma ya cusa shi cikin buhu.

Na bi shi 'yan taku. Na ce, "Baffa, ina kuka nufa? Ko Gurbin Ɓore wajen 'yan'uwan Inna? Ko ƙetare? Faɗa mini, in ƙura ta lafa in aiko, in zo da kaina."

Ya tsaya, ya dafa kafaɗata.

"Kar ka tambaya, Malam. Za su tambaye ka, kai kuma ba ka iya ƙarya ba, ba ka iya shiru ba. Gara ka ce ba ka sani ba, ya zamo gaskiya."

Na tsaya a wurin har jakin ƙarshe ya shige bayan tudu. Wutar murhun Inna ba ta gama mutuwa ba, na tura mata ƙasa da ƙafa don kar ta kama ciyawa. Na juyo ta cikin dawa.

A shinge mai rigar layu ne ya fara tasowa, Direba yana bayansa, wasu mutane kuma sun tsaya nesa kaɗan suna jira.

"Baba, ya tashi?"

"Ya tashi."

"To ka gani. Mai gaskiya mi za ya sa shi gudu? Ina ya nuhwa?"

Na buɗe baki in yi masa irin tsawar jiya, na ji babu ita a cikina. Na ce, "Ban sani ba." Har yau ban sani ba.